Magani uku kafin a dace: labarin farfaɗiyar 'yar yayata a Garwa

Yarinyar da zan ba da labarinta 'yar yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya muke da mahaifiyarta, a nan Garwa ta Kamaru muke zaune wajen Yelwa. Zan kira ta Ummi duk da ba sunanta ba kenan, ita kanta Yaya ai ba ta faɗin sunan tunda 'yar fari ce, "yarinyar nan" kawai take cewa. Ni kawunta ne, gyaran waya nake a kasuwa, ban taɓa karatun likita ba, amma ni nake riƙe da kaye, wato littafin da muke rubuta komai a ciki, kuma ni nake raka su asibiti, saboda babanta direban babbar mota ne yau yana Ngaundere gobe yana hanyar Kusiri zai shiga Njamena, sannan faransancina ya ɗan fi na Yaya.

Faɗuwar farko a watan Agusta ce ta 2021, tana da shekara 7, tsakiyar damina. Jikinta da zafi rau, ta sandare ta hau jijjiga kumfa na fita a baki. Aka kai ta asibitin unguwa aka gwada jini aka ce palu ne, wato zazzaɓin cizon sauro, aka yi mata allurai ta warware, kowa ya ce ai zazzaɓi ne ya buge ta, kuma gaskiya babu wanda zai ga laifin wannan tunanin dan zazzaɓi mai zafi yana sa yara jijjiga, duk da daga baya likita ya faɗa min cewa irin wannan jijjigar ta zazzaɓi yawanci tsakanin wata 6 ne zuwa shekara 5, mai shekara 7 ta ɗan wuce lokacin. Ta biyu a Nuwamba ta zo, ba zazzaɓi ba komai, da sassafe tana tashi daga barci. Ta uku kuwa ba zan manta ranar ba saboda washegarin wasan Najeriya da Masar ne a filin Rumde Ajiya, wasan da aka yi ran 11 ga Janairu 2022 Najeriya ta ci ɗaya, garin nan ba a yi barci ba, yara suna ta tsalle a waje har tsakar dare, da asuba sai ga ihun Yaya. A lokacin ban haɗa abin da rashin barci ba sam, sai bayan shekara guda da na koma ina duba kaye na ga kusan duk faɗuwarta da safe ne, kuma bayan daren da ba ta samu barci sosai ba.

Tsakanin ta biyu da ta uku mun yi abin da kowane gida yake yi. Hajiya, wato kakarta, tace iska ce, aka kira malam ya yi ruƙiya, aka sha rubutu aka yi hayaƙi. Ni ban hana ba kuma har yau ba na hana addu'a, abin da na yi faɗa a kai ɗaya ne, cokali. Ranar ta biyun wata maƙwabciya ta cusa mata cokali a baki wai kar ta haɗiye harshe, sai da haƙori ɗaya ya gutsure dasashi ya fashe. Mutum ba ya haɗiye harshensa. Abin da ake yi shi ne a kawar da duk abin da zai ji mata ciwo, a sa wani abu mai laushi ƙarƙashin kai, a juya ta ta kwanta a gefe dan yawu ya zubo waje, kar a danne ta kar a ɗura mata ruwa, sai a duba agogo. In ta kai minti 5 ba ta tsaya ba to maganar asibiti ce da gudu. Yawun kuma ba ya sa wa kowa cutar, wannan sai da na faɗa na sake faɗa kafin a daina ware mata kofi.

A Fabrairu 2022 muka je babban asibiti, likitan ya saurare mu kamar minti goma, yace faɗuwa biyu ba tare da zazzaɓi ba sunanta farfaɗiya, ya rubuta ordonans na fenobarbital, wanda a farmasi aka fi sani da Gardénal, ƙwaya ɗaya da dare. Tsohon magani ne tun 1912 ake amfani da shi, mai araha ne sosai, sau ɗaya ake sha a yini, shi ya sa a ƙasashenmu shi ake fara miƙawa. Kuma ya yi aiki ta wani ɓangare, wata biyu cur ba ta faɗi ba. Amma yarinyar ta canza. Ummi da take shiru-shiru mai kunya ta koma ba ta zama waje ɗaya, ta doki ƙaninta, ta yi kuka ba dalili, da safe kuma a tashe ta lakwal kamar ana ɗaga buhun masara. Hajiya tace kun gani ko, aljanin ne ya fusata da aka kawo masa maganin bature. Wallahi ni kaina na ɗan yi shakka. Ashe sanannen abu ne, fenobarbital yana sa manya barci amma yara da yawa rashin natsuwa da fitina yake sa su, ba wanda ya faɗa mana tun farko, da an faɗa da an huta da gardama a gidan.

Sai kuskuren da ya fi kowanne, kuma namu ne. A Afrilu, cikin azumi, ga zafin Garwa da ya wuce digiri 40, maganin ya ƙare. Yaya ta ga wata biyu lafiya lau ga kuma fitinar da yake sa ta, tace bari a ɗan huta a gani, ba ta faɗa min ba. Kwana huɗu da dainawa Ummi ta faɗi faɗuwar da ba mu taɓa gani ba, ta ɗaya ba ta gama sakinta ba ta biyu ta kama, na ɗauke ta a moto Yaya na riƙe da ita a baya, a kirgena ta haura minti ashirin kafin a sa mata diyazefam a asibiti ta lafa. Infirmiyen da ya karɓe mu ya yi mana faɗa sosai kuma da gaskiyarsa, maganin farfaɗiya ba a yanke shi lokaci ɗaya, musamman fenobarbital, jiki ya saba da shi, in aka cire kwatsam sai faɗuwar ta dawo da ƙarfin da ya fi na da. Daga ranar na sayi kaye mai layi irin na 'yan lakwal na fara rubuta kwanan wata, awa, minti nawa, ta sha magani ko ba ta sha ba, ƙarfe nawa ta kwanta.

Aka mayar da ita kan fenobarbital, fitina ta dawo, metires ɗinsu, wato malamar ajinsu, ta fara aiko da saƙo. A Yuli muka samu wani likitan daban, muka yi masa ƙorafin halin, yace to a canza zuwa karbamazefin, wato Tégrétol, a riƙa rage wancan kaɗan kaɗan ana ƙara wannan. Ya gargaɗe mu abu ɗaya da na ji daɗi, yace in muka ga ƙuraje a jiki ko baki ya yi gyambo ko ido ya yi ja da zazzaɓi a makonnin farko mu kawo ta ranar ba gobe ba, dan maganin yana iya kawo wata cutar fata mai haɗari. Alhamdulillahi ba ta yi ƙurajen ba. Halinta ma ya dawo, ta daina duka ta daina kukan banza, muka ce shike nan an dace.

Nan ne labarin ya karkace, kuma nan ne abin da ya sa na zauna rubuta wannan duka. Akwai wani abu da Ummi take yi tun kafin faɗuwar farko wanda babu wanda ya taɓa lissafa shi a cikin ciwon. Tana cikin magana ko cin abinci sai ta tsaya cak, ido a buɗe yana kallon waje ɗaya, wani lokacin fatar idon na ɗan ƙiftawa, a kira ta ba ta amsawa, daƙiƙa goma ko ƙasa da haka sai ta ci gaba daga inda ta tsaya kamar ba abin da ya faru. A gida cewa ake "ta tafi", har tsokanarta ake, Ummi an dawo daga Makka? Yaya tace halin dangin babanta ne, zurfin tunani. Likita biyu sun gan ta babu wanda muka faɗa wa, su ma ba su tambaya ba, tambayar kullum ita ce sau nawa ta faɗi.

Bayan an fara Tégrétol wannan tafiyar ta ƙaru ba kaɗan ba. Da sai a yini a ga biyu ko uku, yanzu kafin a gama cin tuwo ta yi uku. Ta zubar da kunu a jikinta, ta tsaya a tsakiyar titi mai moto ya kusa kwashe ta, a lakwal kuwa ana dikte sai a ga layi ya yanke a tsakiya ta tsallake kalma huɗu biyar, metires ta ɗauka raini ne tana kiranta ba ta amsawa har ta zane ta, ta faɗi jarrabawar zangon farko a ajin CE2 na firamare. Babbar faɗuwar ma ba ta tafi ba, sau biyu ta yi tsakanin Satumba da Disamba. Muka koma aka ƙara yawan maganin, abin ya ƙara lalacewa. Babanta ya dawo daga tafiya ya gan ta yace maganin nan yana cinye mata ƙwaƙwalwa a daina kawai, muka yi sa-in-sa da shi sosai, nace Yaya Malam ka tuna Afrilu, in za a daina likita ne zai daina ba mu ba.

Wata rana a shago ina gwada kyamarar wata waya da na gyara, Ummi ta kawo min abinci tana ba ni labarin ƙawarta, sai ta tafi ana cikin ɗauka. Na sake kallon bidiyon ya fi sau goma. A ido na saba gani, amma a allo sai na ga abin daban, fuskar ta mutu gaba ɗaya, leɓe na ɗan motsi, daƙiƙa 9 cif, sannan ta ƙarasa kalmar da ta fara. Mai zurfin tunani in ka taɓa shi zai juyo, ita na taɓa kafaɗarta a bidiyo na biyu ko gezau. Na tara guda shida a cikin kwana uku.

A Janairu 2023 muka samu ganin wata likitar yara, na miƙa mata kaye da waya. Ta kalli bidiyo biyu kawai ta ajiye, ta yago takarda ta riƙe a gaban Ummi tace ta yi ta hurawa da ƙarfi tana numfashi sama-sama kamar mai hura wuta, tana ƙirga mata. Ba a kai minti biyu ba Ummi ta tafi a gabanmu, takardar ta daina motsi. Likitar ta faɗi wata kalma da ƙarfi, "mangwaro", da yarinyar ta dawo ta tambaye ta me nace, tace ba ki ce komai ba. Yaya ta fashe da kuka. Likitar tace Maman Ummi wannan ma farfaɗiya ce, ƙarama ce da ba ta kayarwa, a faransanci absans suke ce mata, wato mutum yana nan amma ba ya nan, kuma tana iya zuwa sau da yawa ƙwarai a yini ɗaya.

Bayanin da ta yi mana shi ne wanda na so a ce mun ji tun 2022. Farfaɗiya ba iri ɗaya ba ce. Akwai wadda wutar take tashi daga wani lungu ɗaya na ƙwaƙwalwa, irin wadda takan biyo bayan rauni a kai ko sanƙarau ko palu da ya hau kai ko wahalar haihuwa, wannan karbamazefin yana mata aiki sosai, magani ne mai kyau ba na banza ba. Akwai kuma wadda take kama duka ɓangarorin ƙwaƙwalwa biyu lokaci guda tun daga farko, ita ce mai zuwa da wannan tafiyar, wani lokacin da fizgar hannu da safe, da babbar faɗuwa bayan tashi daga barci. A irin wannan karbamazefin yana iya ƙara tsananta ƙananan, fenobarbital kuma yana iya danne babbar faɗuwa amma ba ya taɓa ƙaramar. Daga waje in yaro ya faɗi yana jijjiga duka biyun kama suke, abin da yake raba su shi ne irin waɗannan ƙananan alamun da mu muka mayar abin dariya. Ban ɗora wa likitan da ya rubuta Tégrétol laifi duka ba, da abin da muka ba shi ya yi aiki, amma dai ina ganin tambaya ɗaya da ya yi da ta rage mana wata shida.

Ta tura mu Yawunde a yi gwajin wutar ƙwaƙwalwa, EEG, a wajen likitan ƙwaƙwalwa na yara. Mota zuwa Ngaundere, jirgin ƙasa na dare, kwana uku a gidan wani ɗan garinmu a Birikitari, kuɗin da ya tafi ya haura jaka ɗari, sai da Yaya ta sayar da tunkiyarta biyu. Aka manna mata wayoyi a kai aka sake sa ta hura, takardar ta fito da zane mai maimaita kansa sau 3 a kowace daƙiƙa, likitan yace wannan shi ne hatimin irin wannan farfaɗiyar. Tafiyar ta tabbatar da abin da takardar da aka yago a Garwa ta riga ta nuna, ban ce asara ba ce, amma wanda ba shi da halin zuwa kar ya ce shike nan ba mafita.

Magani na uku shi ne valproate, Dépakine. Kafin a fara aka ɗebi jini aka duba hanta da ƙwayoyin da ke sa jini daskarewa, aka auna nauyinta kilo 24, dan na yara da nauyi ake lissafa shi ba da shekaru ba. Aka fara da kaɗan ana ƙarawa mako mako ana kuma janye Tégrétol a hankali, ya ɗauki wajen wata ɗaya da rabi. Ba zan rubuta adadin ba saboda na san halinmu, wani zai je farmasi ya saya wa nasa ɗan. Akwai wani maganin, etosuksimid, da aka ce shi ma yana kashe ƙaramar sosai amma ba ya hana babbar faɗuwa, ita kuma tana da duka biyun, shi ya sa ba a bi ta kansa ba. A mako na uku na zauna da ita awa guda ina ƙirga, ko ɗaya. Metires da kanta ta aiko tana tambaya me aka yi wa yarinyar.

Shi ma ba kyauta ya zo ba. Ta riƙa cin abinci kamar an buɗe rami, ta yi ƙiba, gashinta ya riƙa zuba a wajen kitso na 'yan watanni sannan ya tsaya, hannunta yana ɗan rawa in ta gaji. An ce mu lura da amai da ciwon ciki mai tsanani da ido ya yi rawaya da yawan barci, musamman wata shida na farko saboda hanta, kuma kar a ba ta asfirin in tana zazzaɓi. Ga tsada, abin da muke kashewa a wata ɗaya zai sayi fenobarbital na watanni. Sau biyu muka zaga farmasi huɗu babu, tun daga nan nake ajiye na wata ɗaya a gaba, in aka buɗe kwalin ƙarshe to ranar nake fara neman wani. Wani abokina ya kawo min shawarar masu tebur a kasuwa wai akwai mai sauƙi, nace a'a, maganin da ya sha rana a kan tebur ba ka san me ke ciki ba, shi kuma wannan ƙwayar ko danshi ba ta so. In an samu na wani kamfanin a farmasi mai suna ɗaya da ƙarfi ɗaya muna karɓa, amma sai na nuna wa likitar kwalin.

A Disamba 2023 ta sake faɗi sau ɗaya, bayan wata tara lafiya. Hankalin kowa ya tashi, babanta yace shi ma wannan ya daina aiki. Likitar ta ɗora ta a sikeli, kilo 30. Yarinya ta girma magani yana nan inda yake, ga shi daren an yi biki a maƙwabta ba ta kwanta da wuri ba. Aka gyara adadin kawai ba a canza komai ba. Tun daga ranar shafin faɗuwa a kayena babu rubutu.

Hukumar lafiya ta duniya tana cewa mutum wajen miliyan 50 ne ke da farfaɗiya a duniya, kuma kusan 7 cikin 10 za su iya rabuwa da faɗuwa in an gano ciwon daidai an ba su maganin da ya dace, amma a ƙasashe matalauta kashi uku cikin huɗu ba sa samun maganin. Da na karanta sai na tuna wani yaro a layinmu da ya faɗa murhu hannunsa ya naɗe, har yau rubutu kawai yake sha. Ita Ummi dokokinta ba su da yawa, ba ta zama gaban wuta ita kaɗai, ba ta bin yara wanka a Binuwai, ba ta leƙa rijiya, ƙarfe tara ta kwanta ko da biki ake a cikin gidan. Azumi kuma da ta fara nacin sai ta yi, sai da muka tambayi likitar yadda za a daidaita lokacin shan maganin da sahur da buɗa baki.

Maganar da ta rage ita ce mai nauyi, kuma likitar ba ta ɓoye mana ba tun ranar farko. Valproate yana da haɗari sosai ga ɗan da ke ciki, wajen jariri 1 cikin 10 na iya zuwa da nakasa in uwar tana sha, 3 zuwa 4 cikin 10 kuma su samu matsalar koyo da girman ƙwaƙwalwa. Ummi yanzu shekararta 11. Ƙa'ida ita ce in yaro ya yi shekara 2 bai faɗi ba ana iya duba yiwuwar janye magani a hankali, amma tace kar mu sa rai da yawa, masu ƙaramar haɗe da babbar sau da yawa suna daɗewa a kan magani, dan haka tun kafin ta zama budurwa za a fara tunanin mayar da ita kan lamotirijin ko levetirasetam, wanda ake sayarwa da sunan Keppra, kuma babu tabbacin za su riƙe ta kamar yadda wannan ya riƙe.

Hajiya ba ta son a yi wannan zancen ko kaɗan, tace kuna tallata yarinya wa zai aure ta, a bar abin a rufe tunda ta warke. Yaya kuma tsoron canjin take, tace ita ba za ta iya sake ganin irin Afrilun nan ba. Babanta yana hanya, a waya yace duk abin da kawunta ya gani. Randebu ɗinmu na gaba bayan sallah ne, likitar tace in zo da kayen kuma a zo da Ummi ta ji da kunnenta, dan ta isa a fara yi mata bayani. Jiya ta tambaye ni ko ita ma za ta iya riƙa rubutawa a ciki, na ba ta biro.